Kwanon Ƙarshen Tebur

Aubervilliers, 22 ga Janairu 2024

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Daouda da yara. Yaya sanyi, yaya aiki, yaya kuma jikin Baba Maazou? Allah ya ƙara masa sauƙi. Ni nan lafiya lau, in ban da bayana da sauke kaya a sito ya gama da shi.

Kar ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Tun ranar da kika zo kika ɗauke Baba daga lopital kika toshe lambata, har yau ban san laifina ba. Sai na tuna akwatin gidan waya ba shi da wurin toshewa. Na sani ni ɗan nesa ne, kakata da uwar Baba 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, kin ma tuna mini da haka a gaban likita. Amma shekara goma da wani abu muna shan ruwa a buta ɗaya da shi, ina ganin ina da hakkin in tambayi lafiyarsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san Madam Lin, tsohuwar nan 'yar China da ƙofarta ke kallon tamu. Mijinta ne ya ɗauki Baba aikin ɗinkin jakar fata lokacin da ya sauka ƙasar nan ba shi da komai sai dukancin da ya koyo a Zinder. Suna da wani biki da suke rufe sabuwar shekararsu da shi, ranar da watan farko ya cika fal. Bikin fitilu suke ce masa. Ana rataya jajayen fitilun takarda daga ƙofa har balko, ana ɗaura wa kowace kacici-kacici a gindi, wanda ya cinka a ba shi alewa. Tun kafin a haife ni Baba yake zama a teburin nan kowace shekara. Ko da mijin ya rasu bai fasa ba. Jikokinta ma har sun haddace kacici-kacicinsa na Hausa.

Bana bikin zai kama Asabar, 24 ga Fabrairu. Tsohuwar ta tare ni a matakala ta fi a ƙirga, tambayarta ɗaya ce: "Maazou zai zo?" Ita ma ƙafa ta ƙi, ba ta da tabbacin ganin na baɗi. Ki kawo shi, ko ki bari in zo in ɗauke shi a jirgin ƙasa, washegari in mayar miki da abinki. Awa biyu ce tafiyar tsakanin Lyon da Paris, ba Agadez ba ce.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki, ko kin so ko kin ƙi,
Illiassou

Rillieux-la-Pape, 27 ga Janairu

Illiassou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na lakwal suna karatu, Daouda na kasuwa. Allah ya sawwaƙe maka bayan.

Amsata a'a ce. Na sa ta a sama don kar ka wahala da nema.

Kana magana kamar mura ce ta kama shi. Mutum ne da ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya tafi, ko sunana ba ya iya kira. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi, bayan na wuni ina juya tsofaffin mutane a wurin aiki. Kai kuma damuwarka fitilar takarda. In fitila ce, mu ma a Lyon muna da tamu, a Disamba kowa ya jera kyandir a taga, ba wanda ya ɗauki majinyaci ya sa a jirgi don haka.

Kuma kar ka ɗauke ni yarinya. Gidan da kake ciki da sunan Baba yake. In ya tabbata ya bar Aubervilliers, kai ma ka san za a karɓe gidan. Shi ya sa kake neman a gan shi a matakala ko da kwana ɗaya ne. Ka bar laɓewa a bayan tsohuwa, ka fi mai ƙora shafawa.

Tunda ka tambayi jikinsa, bari in gaya maka gaskiya don ka san abin da nake ciki. Baba ya daina cin abinci. Tun farkon watan nan yake rufe baki in na kawo cokali. Kunu, faten dankali, romon kaza, duk na gwada, sai ya kurɓi ruwa ya kau da kai. Rigarsa ta koma kamar ta aro. Likita ta ce in aka ci gaba haka za su mayar da shi lopital su sa masa tiyo ta hanci, kuma a idonta na ga ba ta sa ran zai fito.

Wuni yake yi yana murza tafin hagunsa a kan mataccen hannun, yana zagayawa, yana kallona. Na gane dawo yake nufi, fura yake marmari irin ta gida. Na je har unguwar Guillotière na nemo gero, na daka, na dafa, na mulmula, na dama masa da nono mai kyau, na tace sumul. Ya leƙa kwanon, ya ture shi da gwiwar hannu har ya zube mini a zane. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

To ka ji. Wanda ya ƙi furar 'yarsa ba abincin China zai ci ba. Ka gaishe da tsohuwarka, ka ce mata ta nemi wani baƙon.

Huseina

Aubervilliers, 31 ga Janairu

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na ji lafiyarku, na kuma ji zagin. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ki ladan jinya, wannan kam ba mai ƙwace miki shi.

Maganar gida ba zan amsa ba. Allah na gani, kuma na kwana a sito kafin in san Baba, ban mutu ba.

Amma fura? Yaya, kukan kurciya jawabi ne. Mutumin da na sani, in ya yi marmarin fura leɓe yake lasa, ba hannu yake murzawa ba. Abin da kika gani ba dawo ba ne, tangyuwan ne, abincin bikin nan da na gaya miki. Garin shinkafa mai danƙo ake kwaɓawa, a gutsuro, a yi masa rami da babban yatsa, a cusa baƙin riɗi da aka niƙa da sukari, a rufe, a mulmula a tafin hannu har ya zama kamar ƙwan zabo. Sai a jefa a tafasasshen ruwan citta, in ya taso sama ya dahu. Kafin ki ce komai, na san abin da ke bakinki: asalinsa da kitsen alade ake haɗa riɗin, amma tun shekarar da Baba ya fara zama a teburin Madam Lin ta koma man shanu, har 'ya'yanta suka girma ba su san wani ɗanɗano ba.

Su a wurinsu ba ci kawai ba ne. Sun ce dunƙulen kamar wata ne in ya cika, kamar iyali ne in sun haɗu babu gurbi. Wanda ya ci tare da kai ranar ya zama naka. Baba lissafin wata yake yi kamar limami. Tun kan watan ya tsaya yake fara cewa, "Illiassou, watan su Lin ya kusa." Jikinsa ya mutu rabi, amma lissafin nan bai mutu ba. Ya ga lokaci ya zo, ya ga kansa a wani bene a Lyon, ya rufe baki. Ba furarki ya ƙi ba, amsar ce ba ta dace da tambayarsa ba.

Zan faɗi abin da ba ki son ji. Kin san sunan ubanki da ranar haihuwarsa da magungunansa, amma ba ki san shi ba. Ba laifinki ba ne, kina Zinder yana nan. Sai dai wanda bai san hanya ba ya kan tambayi wanda ya sani, ba ya toshe lambarsa.

Ki kawo shi ya ci abin da ransa ke so, ki ga in bai buɗe baki ba.

Illiassou

Aubervilliers, 9 ga Fabrairu

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, da fatan Baba da sauƙi.

Kullum sai na buɗe akwati, babu komai sai takardun talla. Shiru ma magana ce, na ji ta. Amma fushinki da ni ba zai sa masa komai a ciki ba.

Gobe su Madam Lin za su shiga sabuwar shekara, unguwa duk ta yi ja. Daouda ya zo sarin kaya yau, na taya shi loda mota, na tambaye shi, ya ce har yanzu ruwa kawai Baba ke sha. Na ba shi ɗan saƙo a cikin ƙanƙara ya kai masa. Na duba bayan leda da kyau, babu alade. In ba za ki kawo shi wurin abinci ba, abincin zai zo wurinsa.

Illiassou

Rillieux-la-Pape, 14 ga Fabrairu

Illiassou,

Sallama ce kawai hakkinka a kaina, ga ta: assalamu alaikum. Lafiyarmu kuma, da sauran kaɗan ka ji ta a bakin masu ta'aziyya.

Saƙonka ya iso. Daouda ya ɓoye shi a ƙasan firigo cikin ƙanƙara don ya san halina, ya bari sai da na tafi aiki ranar Litinin ya dafa, ya ɗauki guda cur ya sa wa Baba a baki. Allah ne ya sa na manta katin bas na dawo. Na tarar da ubana ya yi baƙi ƙirin, ido ya fito, ba tari ba numfashi, Daouda na tsaye da cokali yana salati. Na rungume shi ta baya na matsa, na sake matsawa, har abin ya faɗo a kan tabarma, fari, yana danƙo kamar ƙaro. Haƙarƙarinsa har yau yana ciwo.

Kai masanin Baba! Kai da ka san lasar leɓensa da lissafin watansa, ba ka san maƙogwaronsa ya mutu tare da hannun ba? Ruwa ma sai na kaurara shi yake haɗiya. Mai koya masa haɗiya ta ga ledar ta riƙe baki, ta ce ko mai lafiya sai ya yi hankali da abin nan. Ba zai ƙara cin sa ba har abada, ka ji da kyau.

Ka ce ban san ubana ba. Gaskiya ka faɗa, kuma ka san inda za ka soka. Amma wa ya hana ni saninsa? Ka zauna ka rubuto mini da hannunka cewa kowace shekara yana cin abincin cikar iyali, babu gurbi. Babu gurbi! Mu muna Zinder da gurbinsa a tsakar gida kamar rijiya. Tagwaye muke, ni da Hassana. Zazzaɓi ya ɗauke ta muna 'yan firamare, aka binne ta, bai zo ba, wai ba shi da takardu, in ya fita ba zai iya komowa ba. Na girma ina ba shi uzuri, ina cewa yana can shi kaɗai cikin sanyi yana kuka. Ashe yana ƙarƙashin jar fitila yana yi wa jikokin wasu kacici-kacici. Da ka bar ni da jahilcina da ya fi mini.

An ba mu zuwa ƙarshen wata, in bai ci ba za a sa tiyon. Kar ka ƙara aiko da komai, kar ka ƙara tare mijina. Shi ma yana kwana a falo.

Huseina

Aubervilliers, 18 ga Fabrairu

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da Allah ya sa kika manta katin nan. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a kan matakala. Yaya haƙarƙarin nasa? Allah ya saka miki.

Na yi wauta, ba musu. Amma da kin ɗaga waya sau ɗaya kin ce mini ba ya haɗiya, da ban yi ba. Kin rubuto mini ba ya ci, ba ki rubuto ba ya iyawa ba. Laifin nawa ne, toshewar taki ce.

Zagin da kika yi mini bai kai rabin na Madam Lin ba. A kanti na sayi ledar, ban shawarce ta ba. Da na gaya mata, ludayi ta ɗaga mini, tsohuwar da ba ta iya tsayuwa sai da sanda. Ta ce, "Kai jaki ne? Ko a garinmu ba a ba tsoho wannan sai an yanka ƙanana! Kuma yaushe ka taɓa ganin Maazou ya damu da ci? Ɗaya yake ci don kunya, ya ce ya cika zaƙi. Kai ne mai ci, shi mai yi ne."

Gaskiyarta ce. Ni a teburin nan kwanona kawai nake kallo. Baba ne ke mulmula na gidan gaba ɗaya, tun da rana yake zama da tire a cinya. Ta ce hannun baduku ne, nasa ba ya fashewa a tukunya.

Sai ta tambaye ni ko na san na wane ne kwanon da ake ajiyewa a ƙarshen tebur, gefen taga, wanda ba mai taɓawa. Na ce na mijinta ne. Ta ce na mijinta yana gaban hotonsa, kuma wancan ya girmi mutuwarsa nesa ba kusa ba. A gidansu in wani na nesa, sai a zuba nasa a ajiye masa cokali, don kar a ce babu shi. Shekarar farko da Baba ya ga haka ya tambaya ko baƙo ma yana iya ajiye nasa. Dunƙule biyu yake sawa a kwanon, su yake fara mulmulawa kafin na kowa, ya kira suna: Hassana, Huseina. Shekarar da labari ya zo daga Zinder ta ɗauka zai sa ɗaya. Ya sa biyu, bai zauna cin abinci ba, ya koma ɗakinsa. Bai taɓa ragewa ba har bara.

Ban faɗa miki don ki yafe wa kowa ba, ni ma ban sani ba sai shekaranjiya. Kin ce kar in aiko da komai, to wannan ƙunshin ba nawa ba ne, nata ne: gari, riɗin da ta niƙa da kanta, citta, da fitila ɗaya a naɗe. Ta ce kar a ba shi ya ci, a ba shi ya yi. In kin ga dama ki zuba a shara, kwandon naki ne.

Ta ce ranar Asabar za ta ajiye kwanon kamar kullum, ko da ba mai mulmulawa.

Illiassou

Rillieux-la-Pape, 26 ga Fabrairu

Illiassou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Haƙarƙarin ya yi sauƙi. Daouda ya koma ɗaki, ba don ya cancanta ba, don falon na da sanyi.

Labarin kwanonka bai burge ni ba, in gaya maka. Kwano a Paris bai taɓa share mini hawaye a Zinder ba, bai raka Hassana kabari ba. Ƙunshin ma kwana ya yi ta yi a bakin ƙofa, ina wucewa ina harararsa. Abin da ya sa na buɗe shi, ranar Juma'a an kira ni daga lopital an ce an tanadi gado.

Ranar Asabar bayan la'asar na kwaɓa garin. Na farko ya yi ruwa, na biyu ya yi tauri, na zagi tsohuwarka da kai da ƙasar China baki ɗaya. Yara suka buɗe fitilar suka rataya a ƙarfen labule. Baba yana ganin ta ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba tun da ya kwanta. Na ɗora masa tire a cinya. Ya gutsura da hagu, Allah ya gafarta mana, ya yi ramin da yatsa, ya sa riɗin, ya rufe, duk da hannu ɗaya, tsaf kamar mai ɗinkin layu. Sai ya zo mulmulawa. Ya ɗora a kan hannun dama, hannun ya riga ya dunƙule, abin ya gangara ƙasa. Ya sake, ya sake faɗuwa. Ya tsaya yana kallon tiren.

Ban yi shawara da kowa ba, na miƙa masa tafina. Ya ɗora ƙullun a ciki, ya rufe da nasa, ya fara zagayawa a hankali. Illiassou, na haura arba'in, na wanke mutumin nan, na aske shi, na ɗauke shi kamar jariri, amma ban tuna ranar da shi ya riƙe hannuna ba. Tafinsa kaushi gare shi har yanzu. Ya yi ɗaya, ya ajiye. Ya yi na biyu, ya ajiye kusa da shi. Na miƙo ƙullu don na uku, ya girgiza kai.

Na dafa su a ruwan cittar har suka taso. Na kawo kwanon ina tsoron kar ya kai baki, sai ya tura shi gabana da yatsa, ya kafe ni da ido. Na ci ɗaya. Zaƙi kamar me, ga danƙo, ban ga abin da kuke yabo ba. Ya ci gaba da kallona, ya nuna na biyun. Na ce, "Baba, wannan ai ba nawa ba ne." Ya nuna shi dai. Na ci ina kuka, yara na kallona.

Da na ajiye cokali, ya buɗe baki. Na ruga na ɗumama kunu, ya sha rabin kofi. Jiya ya sha da safe, ya sha da rana. Yau na kira lopital na ce su ba wani gadon.

Kar ka ɗauka ka ci nasara. Saura kaɗan ka kashe shi, ban manta ba. Aubervilliers kuma ba zai koma ba, a nan zai zauna inda ake sanin kaurin ruwansa. Lambarka tana nan a toshe. In kana son ganinsa ka san hanyar gar, tashar jirgi, ka zo hannu rabbana, kar ka riƙo ko alewa.

Ka gaishe da Madam Lin, ka ce garin ya kusa ƙarewa don jiya ma sai da ya yi wa yara. Sa'an nan ka ce mata ta ɗauke kwanon nan daga ƙarshen tebur ta wanke. Na ci nawa, na ci na Hassana.

Huseina